Garba A Ƙarƙashin Ƙirya

Ranar Talatar da ta wuce wani matashi ya shigo rumfata a kasuwa da sabon injin yanka itace a kafaɗa, ko ledar jikinsa ba a gama ɓarewa ba. Ya ce in wasa masa sarƙa, in kuma goge masa 'yan tudun nan na gaban haƙora don ta riƙa ci da sauri, wai haka abokansa suke yi. Na ce ya ɗauki injinsa ya ƙara gaba. Ya ce ai ba kyauta ya ce in yi masa ba. Na ce na ji, ya dai ƙara gaba. Ina jin sa a waje yana gaya wa mutane tsoro ya cinye tsohon nan.

To, ku da kuke ganin aikin nan jan igiya ne da matsa kunama, ku zauna ku ji. Ba roƙonku nake yi ba. An kira ni matsoraci tun kafin a haifi iyayen wasunku, kuma ga ni da yatsuna goma.

Sunana Umaru, ɗan masassaƙi ne ni daga Dosara. Turmi da taɓarya da akushi da ƙotar fartanya, su na tashi na tarar ana yi a gidanmu. Ina da mata da 'ya ɗaya lokacin da aka fara aikin dam ɗin Bakolori, aka ce ana neman masu sare itatuwa a filayen da za a baje don noman rani. Na tafi da gatarina. Kwana uku na yi ina sara, sai wani dattijo ya tsaya a kaina yana kallon yadda nake duba inda ice ya karkata kafin in ɗaga hannu. Ya tambaye ni ɗan wane ne ni. Da na faɗa, ya ce in ajiye gatarin in bi shi.

Malam Isa ke nan, mutumin Maradun, wanda ya yi shekaru a kurmi yana aikin katako. Haƙoransa biyu na gaba babu, kuma akwai tabo daga haɓarsa har kunne. Bai taɓa ba mu labarin tabon ba, mu ma ba mu tambaya ba. Mako biyu na yi a hannunsa bai bar ni na tayar da inji ba. Magagari ya ba ni da tsohuwar sarƙa, ya ce in wasa. In na gama ya shafa da babban yatsa, ya miƙo mini, ya ce in sake.

A nan na san abin da ke hannuna. Dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai muna ce masa takobi, ƙarshensa mai lanƙwasa kuwa hanci. Kowane haƙorin sarƙa yana da ɗan tudun ƙarfe a gabansa, shi ke hana haƙorin ya kafa da zurfi. Sarƙa tana tafiya ta saman takobi, ta juya a hanci, ta dawo ta ƙasa. In ka yanka da ƙasan takobi, inji yana jan ka zuwa icen, wannan ka iya da shi. Amma in saman hancin nan ya taɓa wani abu, ko reshe ko dutse ko ƙarfe, haƙori ya kafe a daidai inda sarƙa ke juyawa, duk ƙarfin injin sai ya koma ya ɗaga takobin sama, ya nufo fuskarka. Shi muke ce wa harbi. Kafin ka ƙifta ido an gama. Babu wanda ya taɓa kauce wa harbi bayan ya taso. Wanda ya tsira, tun kafin ya fara yankan ya tsira.

Abin da Malam Isa ya fi duka a kai shi ne babban yatsan hagu. In ya ga ka ɗora shi a saman mariƙin maimakon ka zagayo da shi ta ƙasa, sai ka ji sanda a bayan hannu. Hannu biyu koyaushe, na hagu a miƙe, gwiwar hannun a kafe. Jikinka a gefe, kada kanka ya taɓa zama layi ɗaya da takobi. Ba a yanka abin da ya wuce kafaɗa. Ba a shiga ice da inji yana lallaɓawa, sai sarƙa ta cika gudu. Ba a tayar da shi a iska, a ƙasa ake ajiyewa a taka mariƙin baya. Babbar riga da rawani da duk abin da ke reto, a rataye su a nesa. Kuma kafin ka yanka kowane gungume, ka zagaya ka ga abin da ke bayansa.

Wata tsamiya da muka kayar kusa da Kaya ita ta fara gwada ni. Na zagaya ta, na duba, babu reshe a baya, babu dutse. Abin da ban gani ba shi ne tsohon ruwan fartanya da wani manomi ya saƙala a tsakanin rassa tun da daɗewa, icen ya girma ya haɗiye shi. Ina cikin yanka hanci ya same shi. Na ji ƙara, na ga tartsatsi, takobi ya wuce ta gefen kunnena na dama ya yage mini kafaɗar taguwa. Ko ƙwarzane ban samu ba. Na ajiye injin.

Malam Isa ya zo ya duba taguwar, ya duba icen.

“Ina kanka yake sa'ad da ya taso?”

“A gefe, Maigida.”

“Hannun hagu fa?”

“A miƙe.”

“To mi kaka jira? Canza sarƙa ka ƙarasa aikinka.”

Shekara ɗaya da wani abu na yi da shi. Daga baya hannuwansa suka fara rawa, yatsunsa suna mutuwa da safe saboda jijjigar inji ta shekaru, ya ce ba zai riƙe abin da ba ya ji a hannunsa ba. Ya koma gida. Mu kuma aka mayar da mu ƙarƙashin wani ɗan kwangila da aka ba share filayen wajen Bakura, mu shida masu inji, da shugaban aiki, wato heluma, mai suna Bawa. Cikin shidan nan akwai Garba, ɗan gwaggota, taubashina, wanda ni na kawo shi aikin, ni na koya masa. Garba ƙaƙƙarfa ne, hannunsa da sauri, bakinsa ya fi hannun sauri. Kullum yana ce mini bawansa, ina ce masa nawa.

Ban san wanda ya fara nuna musu goge tudun haƙora ba. Na dai ga wata safiya injin Garba yana tofar da ɓarɓashi manya manya, yana shiga gawo kamar ana yanka kabewa. Kafin azahar ya kayar da abin da nake kayarwa a yini. Heluma Bawa ya ga haka, washegari ya tara mu ya ce kowa ya goge tasa.

Na ce ba zan goge ba.

“Umaru, ba shawara nika nema ba,” in ji shi. “Katafila tana bayanmu. In ta iso ta tarar da itace tsaye, ni za a tambaya.”

“Na ji, Heluma. Amma wanga tudu ba ado ba ne. In an goge shi haƙori yana kafawa da zurfi, in ya kafa a hanci, harbin ya ninka. Ni ba ni riƙe ta.”

Garba ya yi dariya ya ce, “Ku ƙyale bawana, tun yana yaro ko ɗan akuya ya yi tsalle sai ya ruga ɗaki.”

Kowa ya yi dariya. Heluma bai yi ba. Ya ce ko in goge ko in ajiye. Na cire sarƙar, na share takobin, na zuba baƙin mai inda ake zubawa, na ajiye injin a gabansa. Na ce wa Garba, in dai sai ya yi, to ya daina miƙa hanci cikin rassa. Ya ce in gaida gida.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a rayuwar aikina. An riga an baje gonarmu, aka ce kada a shuka komai sai an gama haƙa hanyoyin ruwa, damina ta zo ta wuce muna kallon jar ƙasa. Sassaƙa ma ta tsaya, don itatuwan da mahaifina ya san su ɗaya bayan ɗaya tun yana saurayi mu muka kayar da su, aka tara aka cinna musu wuta. Na koma bin tarin itacen da ba a kai ga ƙonawa ba, ina faskare da gatari, ina ɗorawa a jakin aro zuwa kasuwa. In na wuce majalisa sai in ji ana cewa ga wanda inji ya kora. Surukina ya aiko a tambaye ni ko gaskiya ne ni na ajiye aiki da hannuna. Na ce gaskiya ne. Aka ce in je in ba Heluma haƙuri. Na ce ban yi masa laifi ba.

Wata ranar Alhamis da hantsi ina faskare a bayan Damri, ina jin kukan injinan su Garba daga wani kwari can gaba. Sai na ji ɗaya ya yi wata irin ƙara ya mutu, sauran ma suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ban daɗe ba na hango Heluma Bawa a guje, babu hula.

“Umaru, taho! Garba na!”

Abin da na tarar shi ne wannan. Sun kayar da wata babbar ƙirya a gangaren kwarin, ta kwanta a kan rassanta. Garba ya shiga tsakanin rassan yana datsewa, ya miƙa inji sama da kafaɗa don ya kai ga wani reshe, hanci ya taɓa na bayansa. Harbin ya same shi a kafaɗar hagu ya buɗe ta. Ya faɗi da baya, reshen da injin ya fara ci ya ƙarasa karyewa, gungumen ya mirgino ya danne masa ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa. Wani reshe mai kaurin cinya kuma ya kwanta masa a ƙirji, tsakaninsa da wuya bai fi taƙi ɗaya ba. Mutane sun gwada ɗagawa, icen ya ƙara zamowa, Garba ya yi ihu, suka bari. An gwada gatari, kowane sara yana girgiza gungumen a kan ƙafar. Katafila tana can nesa, ko ta zo ma ba ta da hannun wannan aiki. Sauran masu inji huɗu suna tsaye, babu wanda ya yarda ya kai takobi kusa da wuyan mutum.

Na karɓi rawanin wani dattijo, na tura a ramin kafaɗar, na sa mutum ya danne da ƙarfinsa duka. Na sa aka kawo gumagumai aka tokare icen ta ƙasan gangare don kada ya sake motsi. Sannan na ce a miƙo mini inji. Na shafa sarƙar, a goge take. Na shafa ta biyu, haka. Duka shidan haka, har sababbin da ke cikin akwati an riga an bi su da magagari. Na zazzage akwatin a ƙasa. A can ƙarshe na sami wata tsohuwa da aka yar tun kafin umarnin Bawa, tudunta lafiya, amma haƙoran sun dakushe, ko rama ba za su yanka ba, balle ƙirya. Sarƙa dakusasshiya kuwa sai ka danna ta, in ka danna ta zame, in ta zame hanci ya tafi inda ba ka aike shi ba.

Na ɗaura ta a takobi, na ja ta daidai, na zauna a ƙasa, na ɗauki magagari.

A lokacin Shehu ya iso, yayan Garba, wanda ke aikin haƙa a kusa. Ya ga ƙaninsa cikin jini, ya gan ni zaune.

“Mi kaka yi, Umaru?”

“Wasa sarƙa nika yi, Yaya.”

“Wasa sarƙa? Ga injina shida a ƙasa! Tashi ka yanke wanga ice!”

“Ba da waɗannan ba.”

“Jininku ɗaya da shi! Mutuwa zai yi kana kallo!”

Ban ɗaga kai ba. Haƙori ɗaya, shafa uku, in ja sarƙa, na gaba. Shehu ya ɗauki ɗaya daga cikin injinan zai tayar da kansa, mutumin da bai taɓa riƙe inji ba. Heluma Bawa ne ya rungume shi ta baya, wasu suka taya shi. Shehu yana fizga yana kiran sunan mahaifiyata, yana cewa in don an kore ni ne nake ramawa, Allah ya isa. Wani malami daga cikin garin ya durƙusa a kan Garba yana yi masa addu'a a kunne. Garba kuwa ya daina ihu, idonsa a kaina. Na gama gefe ɗaya, na juya injin, na bi ɗaya gefen. Ban san tsawon lokacin ba. Waɗanda ke tsaye sun ce ya isa a yi alwala a yi sallar azahar a yi nafila. Ni na san ban tsallake haƙori ko ɗaya ba.

Na tayar da injin a ƙasa, na gwada shi a wani reshe can gefe. Ya ci lafiya, ba fizga. Na sa aka rufe wa Garba fuska da riga saboda ɓarɓashi, ya girgiza kai ya ture ta. Na durƙusa a gwiwa ɗaya ta gefen kansa, yadda hanci zai fuskanci fili, ba jikinsa ba, ba wani reshe ba. Reshen ƙirjin a danne yake, nauyin ice yana kansa, in ka yanke shi kai tsaye zai matse takobi ko ya tsage ya daki mutum. Na fara shiga kaɗan ta wajen da yake matsewa, na zare, na dawo ta ɗaya wajen da gindin takobi, kusa da inji, a hankali, mutum biyu suna riƙe da reshen. Da ya rabu suka ɗauke shi kamar an ɗauke jariri.

Gungumen ya fi wuya. Na yanka shi sama da inda ƙafar take, duk inda na shiga sai in tsaya a buga fegin ice a tsagar don kada ta rufe a kan takobi. Ƙirya ce, sarƙa tana hayaƙi. Na yanka na biyu ta ƙasa. Da guntun ya saki, mutum takwas suka sa sanduna suka ɗaga, aka jawo Garba. Aka sa shi a motar ɗan kwangila zuwa asibitin Talata Mafara, daga can aka wuce da shi Sakkwato.

Kafaɗar ta warke. Ƙafar ba ta tsira ba, an yanke ta a ƙasan gwiwa.

Kwana uku da faruwar abin Heluma Bawa ya zo har gida, ya yi sallama, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mahaifina da iyali da gajiya, sannan ya ce in dawo aiki. Na ce sai an kwashe sarƙoƙin nan duka an zuba a rami a gabana, kuma ni zan riƙa duba ta kowa da safe. Ya ce katafila fa. Na ce ta jira. Ya ce to. Na yi aiki da shi har aka gama share filayen, ba a sake ɗaukar kowa a mota zuwa asibiti ba.

Da aikin dam ya ƙare na sayi tsohon inji na kaina. Na yanke darbejiyar da ta kwanto a kan katangar masallaci, na datse mangwaron da ya shiga wayar lantarki bayan an kashe wutar, na yi wa masu gini da masu gawayi aiki. Masu ba da aiki ba su canza ba. Kowa yana so ka hau tsani da inji a hannu ɗaya, kowa yana so a gama kafin la'asar, kuma in kana azumi ka gaji hannunka ya fara saki, shi ne lokacin da za a ce saura reshe ɗaya. Na bar ayyuka da yawa a kan reshe ɗayan nan, na dawo washegari. Injinan yanzu suna da birki a gaban hannun hagu, wanda ke tsayar da sarƙa in ta yi harbi. Mu ba mu samu wannan ba. Ku kun samu, kuma da idona na ga masu cire shi wai yana damun su. Wanda ya cire birki kada ya biyo ta rumfata.

Shehu ya yi shekara bakwai ba ya amsa gaisuwata. Ya gaya wa duk wanda zai saurara cewa da na tashi da wuri da ƙafar ƙaninsa tana nan. Ban taɓa yi masa musu ba, don ban sani ba. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Likita bai ce eh ba, bai ce a'a ba.

Garba ya koma ɗinkin hula da tireda a ƙofar gida. Ranar sunan ɗansa na uku muna zaune a zaure bayan an shafa fatiha, ana raba goro, wani baƙo ya tambayi yadda aka yi ya rasa ƙafa. Shehu ya karɓe zancen, ya fara ba da shi yadda ya saba, da ni zaune a ƙasa da magagari. Garba ya bar shi ya kai ƙarshe. Sannan ya jawo sandarsa ya ajiye a cinya.

“Yaya, kai a tsaye kake ran nan, ni a kwance. Ni na ga takobin nan ta ƙasa, haƙoran suna wucewa nan,” ya nuna maƙogwaronsa. “Ni na goge sarƙoƙin nan da hannuna, na san yadda suke fizga. Sa'ad da kake cewa ya tashi ya yanka, ni addu'a nika yi kada ya ji maganarka. Bakina ne bai iya buɗewa ba.”

Shehu ya daɗe yana kallon tabarma. Da aka zo tashi, ya ɗauki goro ɗaya daga cikin nasa, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Garba ya ce, “Karɓi mana, bawana. Ko shi ma sai ka wasa shi tukuna?”